Ɗan Haya

Ranar da likita ya ce sukari ne
na fito asibitin Tawa da takarda a hannu,
rana tsaka, ban ji zafinta ba.
Sukari?
Ni da ko shayi ba na sha sai mai ɗaci?
Na ce wannan ba ciwon Allah ba ne,
da hannu a ciki.

Kuma na san mai hannun.
Nomau, da muka raba rumfa shekara goma sha ɗaya,
kekensa na kallon kekena,
shi da ya ce mini ran jajibirin salla, yana dariya,
"Arzika, kai ɗaya za ka ɗinke garin ga?"
Na ɗauki maganar nan na jiƙa,
na shanya,
na bi ta da dutsen guga
har ta yi kaifi.

Daga nan barci ya yi ƙaura.
Sau biyar fitsari ke tashe ni,
amma ba shi ke hana ni komawa ba.
Ina kwance ina lissafi:
goron da ya ɓara ya miƙo mini rabi,
ƙwaryar furar da muka sha tare,
zaren nan shuɗi da ya ara bai maido ba.
Na tone bakin ƙofata da dare ina neman abin da aka binne,
na samu murfin kwalba da ƙashin kaza.
Na kai rago wani ƙauye bayan Kalfu,
aka ba ni garin saiwa da turare.
Ƙwayoyin likita kuwa suna ƙarƙashin tabarma,
don me zan ba su amana
alhali ba su san Nomau ba?

Na daina amsa gaisuwarsa.
Na janye kekena zuwa zaure.

Da na gaji da tuhumarsa sai na juyo kaina:
ƙyallen wa na rage ban faɗa ba?
Wa na ce wa gobe, goben ta kai wata?
Na zama alƙali, na zama ɓarawo,
na zama gidan kason.
Ciwo ɗan yatsa guda ya taɓa a ƙafata,
zato ya cinye sauran.

Ran Talata, a bencin masu jiran awo,
wata tsohuwa mai warin albasa a zane,
Tsahara sunanta,
ta dube ni ta ce, "Sabon shiga ne."
Na ce, ke wa ya yi miki?
Ta yi dariya har kallabi ya zame.
"Wa ya zuba wa rijiya kanwa?
Nawa shekara sha tara.
Ɗan haya ne, ɗana,
ba ya biya, ba ya tashi.
Na san abin da ya ƙi a tukunya,
ya san lokacin allurata.
Na aurar da jikoki ukku yana ɗaka zaune."
Aka kira sunanta, ta miƙe,
ta bar ni da ragowar zogalenta.

Ban warke ba.
An ce ba a warkewa, na daina jin haka kamar hukunci.
Na ɗaga tabarma na kwashe ƙwayoyin,
na koyi tafiya bayan asuba har bakin tabki,
na rage tuwo.

Sai da na yi sati ina gyara kalmomi
kafin na nufi rumfa.
Na tarar da yaronsa yana share zare.
"Ya tahi Abijan tun watan jiya.
Ya ce in kun zo a ba ku wannan."

Zaren nan ne shuɗi.
Ko rabi bai ci ba.

Daren jiya sau biyu na tashi,
kuma duk biyun na koma barci.
Lambarsa tana aljihuna.
Ban kira ba tukuna.